DUNIYA MAKARANTA: Ƙananan Hukumomin Da Ke Maƙale A Duwatsun Silobeniya

A can tsakiyar ƙasashen Turai, inda duwatsun Alps suka gangaro suka nufi gabas, akwai wata 'yar ƙasa da ake kira Silobeniya. Italiya ce maƙwabciyarta ta yamma, Ostiriya ta arewa, Hangare ta arewa maso gabas, Kuroshiya kuwa ta kewaye ta daga kudu da gabas. A dā ɗaya ce daga cikin jamhuriyoyi shida na tarayyar Yugoslabiya, har ran 25 ga Yuni 1991 da ta ɓalle ta kafa tutarta. Faɗin ƙasar wajen murabba'in kilomita 20,300 ne, watau kusan daidai da Jihar Kano ta yau, mutanenta kuwa miliyan biyu ne da 'yan kai. To abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Jihar Kano duk da yawan jama'arta ƙananan hukumomi 44 gare ta, amma ita Silobeniya tana da har 212. In aka raba jama'ar ƙasar daidai wa daida, kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da mutum wajen 10,000 ne kawai.

Wannan ma lissafin takarda ne. A zahiri fiye da rabin ƙananan hukumomin nan ba su kai mutum 5,000 ba, waɗansu daga cikin mafiya ƙanƙanta kuwa a cikin duwatsun arewacin ƙasar suke. Wanda ya tashi daga birnin Kranj ya bi kwazazzabon kogin Kokra ya yi ta hawa, zai iske Jezersko daf da iyakar Ostiriya. Ƙauyuka biyu ne rak, Jezersko ta Sama da Jezersko ta Ƙasa, mutanensu duka ba su kai 1,000 ba, amma tun 1998 suna da shugabansu da majalisarsu da kasafin kuɗinsu. Gabas da nan, a bayan waɗansu duwatsun, akwai Solcava, wadda faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 100, jama'arta kuwa ɗari biyar ne da ɗoriya. Manomanta a warwatse suke a kan gangare, kowane gida da gonarsa da dajinsa. A nan ne gidan gona na Bukovnik yake, mai tudun mita 1,327 daga bakin teku, wanda ya fi kowane gidan gona a ƙasar nisa sama.

YADDA AKA YI SUKA YAWAITA

A zamanin Yugoslabiya ƙasar ta kasu ne gundumomi manya-manya wajen 60, kowace da hedkwatarta a wani gari mai masana'antu. Mutanen ƙauyukan dutse sun daɗe suna kukan cewa kuɗi a gari yake ƙarewa, su kuwa sai abin da ya rage. Saboda haka da aka sami mulkin kai aka shiga gyaran tsarin mulkin ƙauyuka, kowane kwari ya ce shi ma a ba shi tasa. A 1994 aka kafa ƙananan hukumomi 147, a 1998 suka zama 192, a 2006 suka kai 210, daga baya aka ƙara biyu. Akan fara jin ra'ayin mutanen wurin ta hanyar ƙuri'a, sa'an nan Majalisar Dokoki ta kafa hukumar da doka. Dokar ta ce ya kamata ƙaramar hukuma ta kai mutum 5,000, amma ta bar ƙofa a buɗe domin wuraren da ke bakin iyaka, ko masu wuyar shiga, ko masu wani dalili na tarihi. Ta wannan ƙofa ce Jezersko da Solcava da ire-irensu suka shiga.

Wani abin lura kuma shi ne, a Silobeniya babu jiha, babu lardi. Daga gwamnatin tsakiya da ke Lubliyana sai ƙaramar hukuma. An gyara tsarin mulki a 2006 domin a sami damar kafa larduna, an kuma yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2008, amma mutane ƙalilan ne suka fito, maganar ta yi ta ja har yau ba a kafa su ba. Ayyukan gwamnatin tsakiya, kamar ba da fasfo da katin shaida da izinin gini, waɗansu ofisoshi 58 ne dabam ke yin su, ba ruwan shugaban ƙaramar hukuma da su.

AIKINSU DA KUƊINSU

Shugaban ƙaramar hukuma jama'a ne ke zaɓensa kai tsaye kowace shekara huɗu, haka kuma 'yan majalisarsa, waɗanda yawansu yakan kama daga 7 zuwa 45 gwargwadon girman wurin. Doka ta yarda shugaba ya riƙe muƙamin ba tare da ya bar sana'arsa ba, saboda haka a ƙananan wurare ba abin mamaki ba ne a ga manomi ko malami yana shugabanci. Nauyin da ke wuyansu a bayyane yake: hanyoyin ƙauye da share musu dusar ƙanƙara lokacin hunturu, ruwan famfo, kwashe shara, maƙabartu, gidajen renon yara, gine-ginen makarantun firamare, da tsara inda za a yi gini da inda za a bari. Albashin malaman firamare kuwa gwamnatin tsakiya ce ke biya.

Mafi yawan kuɗinsu daga harajin da ake cirewa a kan abin da mutane ke samu yake fitowa. Gwamnatin tsakiya ce ke tara shi, ta ware wa ƙananan hukumomi kasonsu, ta aika wa kowace nata kai tsaye bisa wani ma'auni da doka ta ajiye. Akan fara tsai da adadin kuɗin da ya kamata a kashe wa mutum ɗaya a shekara, sa'an nan a daidaita shi da halin kowane wuri: faɗin ƙasarsa, tsawon hanyoyinsa, yawan yaransa, da yawan tsofaffin da suka wuce shekara 65. Dalili kuwa shi ne, hanyar da ta hau dutse kilomita goma domin ta kai ga gidaje biyar, kuɗin gyaranta ba ya raguwa don gidajen biyar ne. Da wannan ma'auni ne wuri kamar Solcava, mai ƙasa da yawa da mutane kaɗan, yake samun kason da zai iya riƙe hanyoyinsa. Bayan wannan akwai harajin filayen gini, da kuma ɗan kuɗin da kowane baƙo mai yawon buɗe ido ke biya a kan kowane daren da ya kwana.

GADON KAKANNI

Kada mai karatu ya zaci wannan ɗabi'a ta tafiyar da al'amarin ƙauye a 1994 ta fara. Sunan da ake kiran shugaban ƙaramar hukuma da shi a yarensu, watau zupan, tsohon suna ne na dagacin ƙauye tun ɗaruruwan shekaru. A ƙauyen Vrba, mahaifar babban mawaƙinsu France Preseren, har yanzu akwai tsohuwar itaciyar dandali da duwatsu 16 kewaye da ita, inda a dā masu gidajen ƙauyen kan zauna, kowa a kan dutsensa, su yanke shawara a kan makiyaya da daji da hanya.

A kwarin Bohinj, ƙarƙashin dutsen Triglav mai tsawon mita 2,864 wanda hotonsa ke jikin tutar ƙasar, makiyayar da ke saman duwatsu ta gamayya ce, kowane gidan gona da rabonsa a ciki. Da bazara ta kama akan kora shanu sama, masu kiwo su zauna can a bukkokin katako suna tatsa suna yin cuku, sai watan Satumba a sauko da su, a yi biki a bakin tafki. Tun 1873 wani limamin coci mai suna Janez Mesar ya haɗa manoman wurin suka kafa ƙungiyar gama-kai ta masu cuku. A 1947 gwamnatin 'yan gurguzu ta karɓe filayen gamayya ta mai da su na hukuma, amma a 1994 aka yi dokar da ta ba ƙauyuka damar karɓar abinsu.

Sai kuma 'yan kwana-kwana na sa kai. An kafa ƙungiyarsu ta farko a 1869, yau kuwa akwai ƙungiyoyi fiye da 1,300 masu mambobi fiye da 150,000. Da wuya a ga ƙauye mai ɗan girma da ba shi da ɗakin 'yan kwana-kwana, wanda sau da yawa shi ne kuma zauren taro da biki. Ba a biyansu albashi. Ƙaramar hukuma takan taimaka da mota da kayan aiki, sauran kuwa su bi gida-gida su tara. Gayya ce dai, sai dai an ba ta rajista da kaki da horo.

MASU SUKA

Amma fa ba kowa ne ya yarda da wannan tsari ba. Masu sukarsa suna cewa in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Hukumar da ma'aikatanta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ina za ta sami injiniya da lauya da masanin da zai rubuta takardun neman kuɗin Tarayyar Turai, wadda ƙasar ta shiga a 2004? Suna cewa kuma kogi da hanya da bututun ruwa ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba, kuma a wurin da kowa ɗan'uwan kowa ne, raba kwangila da zumunci yana da wuya. A 2013 ministan harkokin cikin gida na wancan lokaci ya kawo shawarar a haɗe ƙananan da manya, amma shugabannin ƙananan hukumomi suka tashi tsaye, shawarar ta mutu. Abin da aka koma yi shi ne, maƙwabta su haɗa ofis ɗaya domin waɗansu ayyuka, kamar na sufetoci da masu lura da hanya, gwamnati kuma ta ɗauki wani kaso na kuɗin.

Su kuwa mutanen dutse amsarsu ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka mai da hedkwata gari, abin da za a fara rufewa shi ne reshen makarantar ƙauye mai yara kaɗan. Da an rufe makaranta, matasa masu iyali sai su sauka kwari. Da sun sauka, gona ta koma daji, ba kuwa a sake samun mai hawa ya sare ta.

RANAR AMBALIYA

Ranar da ta gwada maganar kowane ɓangare ita ce 4 ga Agusta 2023. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a kan duwatsun arewa cikin dare, koguna suka cika suka batse, gangare ya yi ta zabtarewa. Ambaliyar ta shafi wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar, ba a kuma taɓa ganin bala'i irinsa ba tun samun mulkin kai. Kogin Savinja ya cinye hanyoyi da gadoji, ya raba Luce da Solcava da sauran duniya, shi ma garin Crna da ke bayan dutse ambaliyar ta yanke shi. Babu wuta, babu waya, babu hanya. A waɗannan kwanaki na farko, kafin taimako ya iso, shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan kwana-kwana na sa kai su ne gwamnati. Sun san gidan da tsohuwa ke zaune ita kaɗai, sun san mai tarakta da mai motar haƙa, sun san hanyar daji da za a bi a kewaye inda gada ta karye.

Amma kuma ranar ta nuna iyakar ƙarfinsu. Jiragen sama masu saukar ungulu na soja da 'yan sanda ne suka yi ta kai abinci suna kwaso marasa lafiya. Ƙasashen waje suka aiko da gadojin ƙarfe na wucin gadi, Tarayyar Turai ta yi alkawarin Yuro miliyan 400, gwamnati kuma ta ba da hutu ran 14 ga Agusta domin jama'a su tafi aikin gayya. Da aka yi lissafi, hasarar ta kusa Yuro biliyan 10, abin da ƙaramar hukuma mai mutum ɗari biyar ba za ta iya ko mafarkinsa ba. Gyaran koguna kuwa dama aikin gwamnatin tsakiya ne, an kuma yi ta ƙorafi cewa shekara da shekaru ba a ba shi kuɗin da ya kamata ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nijeriya ma ta san wannan muhawara. Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi 301, yanzu suna 774, har yau kuma ba a rasa masu neman a ƙara. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai ke da ikon riƙe su. Ba a ce abin da ya yi wa ƙasa mai mutum miliyan biyu daidai zai yi wa mai fiye da miliyan 200 ba. Sai dai labarin Jezersko da Solcava ya nuna cewa yanka ƙasa gunduwa-gunduwa shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da ya riƙe su shekarun nan shi ne, kuɗinsu yana zuwa bisa ma'aunin da kowa zai iya dubawa, shugabansu yana kwana cikin mutanen da suka zaɓe shi yana bin hanyar da suke bi, su kuma mutanen sun gaji aikin gayya tun kafin a ba su hatimi da ofis. Wanda duk ke neman a ba ƙauyensa ƙaramar hukuma, ya kamata ya fara tambayar ko waɗannan abubuwa za su biyo ta.