Kaska a garkunan Kurfai: cutar da rigakafin shekara-shekara bai shafa ba

Kowace shekara gwamnatin Nijar na gudanar da rigakafin dabbobi kyauta, wanda ya fi mayar da hankali kan ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki. Sai dai a Filinge da sauran ƙasar Kurfai, cikin jihar Tillaberi, akwai cututtukan da wannan allura ba ta hanawa, wato waɗanda kaska ke zuba wa shanu a jini.

Ƙwayoyin Babesia da Anaplasma suna shiga jajayen ƙwayoyin jinin saniya su lalata su. Sai zazzaɓi ya taso, fatar ido ta yi fari ko rawaya, nono ya ragu, mai ciki ta yi ɓari. Idan Babesia ce, fitsari kan koma ja. Matsalar ta fi tsanani da damina, lokacin da kaska ke yawaita a dausayin Dallol Bosso, shanu kuwa sun fito daga yunwar bazara jiki ba ƙwari.

Shanun gida, irin su Azawak da ake renon irinsu a tashar Tukunus da ke arewa da Filinge, suna da ɗan juriya. Maraƙin da ya kamu tun yana ƙarami yakan tashi da kariya. Amma wannan kariyar ta cututtukan da aka saba da su ce kawai.

A 2007 aka gano wata kaska mai suna Rhipicephalus microplus a Kwaddibuwa, wadda ta shigo tare da shanun da aka sayo daga Burazil. Daga baya an same ta a Benin, Burkina Faso, Mali da Najeriya. Tana ɗauke da nau'in Babesia mafi kisa, kuma magungunan feshi da dama ba sa kashe ta. Busasshiyar ƙasa ba ta yi mata daɗi, amma garkunan da ke tafiya kiwo kudu su dawo, da manyan kasuwanni irin ta Balleyara, hanyoyi ne a buɗe. Rashin tsaro a arewacin Tillaberi shi ma ya sa shanu na cunkushewa a mashaya ɗaya. Hausawa dai na cewa kaska raɓi mai jini.

Abin da ya fi dagula lamarin shi ne magani ba gwaji. Makiyayi kan sayi allura a kasuwa ya yi wa saniya da kansa, wani lokaci jabu ce, wani lokaci a rage yawanta saboda tsada. Kuɗi ya tafi, cutar na nan, ƙwayoyin kuma su saba da maganin.

Nijar na da ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a Yamai, kimanin kilomita 180 daga Filinge. Idan jami'an kiwo suka riƙa ɗibar jini da kaska a ranakun rigakafi suna aikawa can, za a san irin kaskar da ke yankin tun kafin ta fi ƙarfin makiyaya.