A Riƙa Sauraron Ƙirjin Yaranmu

Ranar da na kai 'yata asibiti a Jalingo, likita ta sa mini abin sauraron ƙirji a kunne: dum-tak, dum-tak. Ashe ƙofofin zuciya huɗu ne ke rufewa. Sautin farko na biyun da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa ne. Na biyu kuwa na waɗanda ke bakin jijiyoyin da ke kai jini huhu da sauran jiki.

Ciwon maƙogwaron da muke rainawa a yara yana iya lalata ƙofofin nan, har a ji huci tsakanin sautukan. Tun 1816 wani mai suna Laennec ya ƙirƙiro na'urar sauraron ƙirji a Faransa. Me zai hana ma'aikatan lafiya su zagaya makarantun firamarenmu, daga Mayo-Gwoi zuwa Sabon Gari, suna sauraro?