Tausar Karnukan Aiki Ba Almubazzaranci Ba Ce

Duk wanda ya ji cewa a Ingila da Amurka akwai masu sana'ar yi wa karnuka tausa, zai ɗauka sangarta ce ta waɗanda ƙoshi ya yi wa yawa. Amma in aka dubi karnukan 'yan sanda da na kwastan da masu gadin ma'aikatu, sai a ga maganar ta wuce ta dariya. Da kuɗin jama'a ake sayen karnukan nan, da kuɗin jama'a ake horar da su watanni, kuma asara ce babba a bar ciwon gaɓoɓi ya kwantar da su tun ƙarfinsu bai ƙare ba.

Sanin likitocin dabbobi ne cewa manyan karnuka, musamman irin na Jamus da ake sa wa aikin tsaro, sukan gāji lalacewar gaɓar ƙugu. Da shekaru suka ja, sai amosanin gaɓoɓi ya biyo baya. Karen da gaɓa ke yi wa ciwo yakan karkata nauyinsa zuwa sauran ƙafafu, tsokokinsu su ɗaure, ciwo ya ƙaru a kan ciwo. Nan ne tausa take da amfani. Tana sassauta tsoka, tana taimakon gudanar jini, kuma hannun da ke shafa jikin kare kullum shi ne zai fara jin kumburi ko ƙari tun bai yi nisa ba.

Sai dai fa tausa taimako ce kawai, ba ta mayar da gaɓar da ta riga ta lalace. Ba a yin ta a kan karaya, ko ɗanyen rauni, ko ƙari, ko wurin da ya kumbura yana zafi. Wajibi ne likita ya fara duba dabbar, a kuma rage mata ƙiba. Haka nan ganganci ne a ɗura wa kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, domin yakan ɓata masa ciki da ƙoda.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga ilmin lafiyar dabbobi: cibiyar bincike ta Vom tana nan tun 1924, ga kuma sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ya kamata hukumomin da ke riƙe da karnuka su nemi masana su koya wa masu kula da su wannan dabara. Dabbar da ta yi wa jama'a bauta ba ta cancanci a yasar da ita ranar da ta fara ɗingishi ba.