MAHARBI YA YI SALLAMA KAFIN YA SHIGA GONA

Babu mai musun bajintar maharban Barno. A watan Mayu na 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwansu suka taru a Maiduguri da bindigogin toka da kwari da baka, suna neman izinin shiga dajin Sambisa. Amma fa wannan bajinta ba ta ba kowa lasin keta gonar talaka da karnuka, ko cinna wa karansa wuta saboda zomo ba.

Lamarin ma ya wuce ɓarnar amfani. Tun da 'yan Boko Haram suka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a Koshebe cikin Nuwamba 2020, manomin Jere da ya hango mutane da makamai a gonarsa da asuba ba shi da sukunin tambayar ko su wane ne. Ko dai ya gudu, ko ya ɗaga adda. Dokar Final Kod, wadda Arewa ta fara aiki da ita a 1960, ta yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma ta hana shi wuce gwargwadon bukata. Wanda ya sari maharbi don ya tattake masa shuka, gaban alƙali zai tsaya.

Saboda haka nauyin farko yana wuyan mai bindiga. Wajibi ne Sarkin Baka ya sanar da Bulama ko Lawan ranar farauta da dajin da za a bi, a yi shela a kasuwa, a kuma dakata har manoma su kwashe amfaninsu.