Kafin a shiga ajin kemistirin kabon

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, 'yan Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye suka samu jami'a a ƙofar gida. Mai son karanta kemistiri sai ya kawo kiredit biyar na WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, Lissafi da Kemistiri, ya kuma haye jarrabawar JAMB. Sai dai takarda ba ta isa a fuskanci kemistirin kabon ba.

Dole ɗalibi ya shigo da sanin cewa kabon hannu huɗu gare shi na ƙulla alaƙa, ya iya zana mitan da itanol ba tare da leƙa littafi ba, ya bambance asid da kishiyarsa, ya kuma ƙware a lissafin mol. Wanda ya saba da hadda zalla kan sha wuya, domin a nan tambayarsa za a yi dalilin da ya sa ilektiron ya bar wannan gurbi ya koma wancan.

Alhali darasin ba baƙo ba ne. Takin yuriya da manoman rani ke zubawa a gefen madatsar Zobe shi ne sinadarin da Friedrich Wöhler ya haɗa a Jamus a 1828. Mai dafa sabulun salo da ruwan toka da mai ita ma aikin kemistirin kabon take yi.

Ya kamata malaman sakandare su fara daga irin waɗannan misalai, gwamnatin Katsina ta wadata ɗakunan gwaje-gwaje da kayan aiki, jami'a kuma ta ware makonnin farko don bitar tushe.