Mai Zanen Gida, Ka Tambayi Matar Gida?

Yau da masu zanen gine-gine nake, kuma ba zan ɓoye muku ba, daga cikin gidanmu maganar ta taso.

Ɗan yayana mai zanen gini ne. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu, yau shekararsa 20 yana zana wa masu hannu da shuni dogayen benaye a Abuja, daga Maitama har Asokoro. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a garin a 1991 fili yake ta ƙara tsada, shi ya sa ake ɗora gida kan gida kamar jeren kwalla a ɗakin amarya.

Rannan ya ɗauke ni in ga wani da aka gama, muka shiga lifta har hawa na shida. Tayil kamar ka lasa, bango guda gilas ne. Ya ce, "Gwaggo, ya kika gani?" Na ce, "Ɗana, ina tsakar gida?" Sai ya bushe da dariya, wai an wuce wannan zamanin.

To ni ban ga abin dariya ba. Kicin a buɗe yake cikin falo, ko ƙofa babu, wai shi ne yayi. Ke nan in maigida ya shigo da abokansa, uwargida tana tuƙa tuwo da ɗaurin ƙirji suna kallonta, warin daddawa kuma ya bi labule ya zauna. Ina za ta shanya kayan jariri? Ina yara za su yi guje-guje? In ta ɗaga taɓarya sau ɗaya, na ƙasa ya aiko maigadi. Ranar suna fa, ina matan dangi za su zauna? In aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, mai tsohon ciki ce za ta taka matakalar hawa shida? Haba jama'a!

Magabatanmu ba su yi digiri ba, amma sun san mace. Zaure na baƙi, shigifa ta kare ido, tsakar gida kuwa daular mace ce, nan za ta sha iska, ta yi kitso, ta yi sana'arta. Katangar tubali mai kauri ta tare zafin rana ba tare da na'ura ba. Irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ƙasa da azara suka yi abin da har yau ake zuwa kallo.

Ɗan nawa ya ce ai abin da masu saye suke so ke nan. Na ce wa ke saye? Alhaji. Wa ke wuni a ciki? Hajiya. Shi ya fita tun safe sai dare, ita tana sama a rufe kamar tsuntsuwa a keji. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ban ce a koma ginin ƙasa ba, na san fili ya yi wuya. Amma a sa wa kicin ƙofa, a ware falon mata, a yi baranda mai faɗi mai kariya, a bar wa yara fili a ƙasa. Wannan ya fi ƙarfin mai digiri?

Ke kuma budurwa, kada hoton bene ya ruɗe ki, wani kyan na ɗan maciji ne. Kafin a kai ki, sa iyayenki mata su duba miki inda za ki yi rayuwa, kada su tsaya a awon labule kawai. Mu kuma iyaye mu tura 'ya'yanmu mata su koyi wannan aiki, don wadda ta taɓa yin girki da goyo ba za ta mance da mu a kan takarda ba.

Allah Ya ba mu gidajen da za mu sake a cikinsu, amin.