Birki Ba Ya Tsinkewa Sai Ya Yi Sallama

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Talata Mafara ranar Talata da hantsi zai ga irin aikin da tsofaffin motocin a-kori-kura suke yi wa jama'ar wannan yanki. Daga Bakura, daga Maradun, daga ƙauyukan da ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori wadda aka kammala a 1978, haka suke ɓullowa ɗauke da buhunan shinkafa da kwandunan tumatir, ga awaki a ɗaure, ga mutane zaune bisa kaya. Waɗansunsu Peugeot 404 ne da 504, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, wato sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Tsufan mota ba laifi ba ne. Abin takaici shi ne maganar da akan ji duk ranar da ɗaya daga cikinsu ta faɗa rami ko ta afka wa 'yan kasuwa: wai birki ne ya tsinke. Daga nan sai a yi jaje, a rufe zancen, kamar aradu ce ta faɗo. Alhali duk bakaniken da ya san aikinsa ya sani da wuya birki ya mutu farat ɗaya. Yakan yi makonni yana sallama, sai dai a ƙi amsa masa.

Yadda yake aiki ba wani boyayyen abu ba ne. Idan direba ya taka feda, famfon da kanikawa ke kira masta yakan tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu, man kuma ya matsa layinin ya kama ƙarfen da ke juyawa da taya. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka idan feda ta yi laushi kamar an taka soso, sai an buga ta sau biyu ko uku kafin ta kama, to iska ta shiga bututu, ko kuwa layinin baya ya yi nisa da ganga yana bukatar a ɗaure shi. Idan an danne ta an riƙe, ta riƙa nutsewa a hankali har ƙasa, to robar cikin masta ta gaji, ko mai yana zuba a wani wuri. A duba bayan kowace taya. Inda aka ga danshi, nan ne ɓarnar take.

Idan kuwa feda ta yi tauri kamar dutse, mota ba ta tsayawa sai direba ya miƙe a kanta, matsalar tana ga tulun da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi da zuƙar iskar inji, ko tiyon da ya haɗa su ya tsage. Gwajinsa mai sauƙi ne. A kashe inji, a taka feda sau huɗu ko biyar, a riƙe, sa'an nan a tayar da mota. Feda ta ɗan sauka, tulu lafiya lau; ba ta motsa ba, yana da magana. Motar da ke fizga gefe guda in an taka birki, ƙafar ɗaya gefen ce ba ta kamawa, ko don ta cije, ko don mai ya jiƙa layininta. Ƙarar ƙarfe bisa ƙarfe na nufin layinin ya cinye ƙurmus. Rawar feda a ƙarƙashin ƙafa na nufin ganga ko faifai ya karkace. Tayar da ta fi sauran zafi, tana ƙauri, birkinta bai saki ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ke bukatar na'ura ko takardar shaida. Amma maimakon gyara, sai a koma ga dabaru. Wani in bututun baya ya huje sai ya lanƙwashe shi ya daddake, ya bar motar da birkin gaba kaɗai. Wani in mai ya ƙare a hanya sai ya kaɗa ruwan sabulu ya zuba, kuma da ya isa gida ya mance. Sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma da ya zama tururi feda za ta tafi ƙasa babu komai. Shi kansa man kirki yana shan danshi a hankali, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a canza shi duk shekara biyu. Baƙin mai kuma kumbura robobi yake yi. Birkin hannu kuwa a motoci da dama ya daɗe da zama tarihi, yaron mota da waiginsa su ne madadinsa.

Ga kuma lodi. Ƙaramar a-kori-kura ba a yi ta don ta ɗauki abin da ya wuce tan guda da ɗan wani abu ba, wato kamar buhu 10 masu kilo 100. In aka ɗora 20 aka ƙara mutane a sama, zafin da birki zai sha ya ƙaru daidai da nauyin. In kuma aka ninka gudu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu.

Direbobi suna da hanzarinsu, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 abin da ke saura a hannunsu bayan sun biya mai mota kaɗan ne, kayan gyara na ƙwarai sun yi tsada, jabu kuma ya cika kasuwa. Rashin tsaro da ya addabi Jihar Zamfara ya sa kowa sauri yake yi ya isa gida kafin rana ta faɗi. To amma wannan hanzari shi ne ma babbar hujjar gyara. Wanda tilas ta sa shi gudu, shi ya fi kowa bukatar birki mai kamawa. Kuɗin roba da gwangwanin mai kuwa ba su kai kuɗin buhu guda na shinkafar da ke bayan motar ba, balle ran mai ita.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci ba za su iya tsare kowace hanyar ƙauye ba, kuma duba takardu bai taɓa tsayar da mota ba. Inda ya fi dacewa a yi binciken shi ne tasha, kafin a ɗora kaya. Shugabannin ƙungiyar direbobi, waɗanda ke karɓar kuɗin layi kullum, suna da ikon hana lodi ga motar da fedarta ke nutsewa ko ƙafarta ke zubar da mai. Minti biyar sun isa. Ƙananan hukumomin uku za su iya haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara a riƙa koya wa direbobi da yaran kanikawa waɗannan alamu da Hausa.

Ma'aikaci ko ɗalibin da ya ga direba yana buga feda sau uku tun ba a bar tasha ba, ya riga ya ga sallamar da idonsa. Ya yi magana, in an ƙi ji ya sauka ya jira ta baya. Allah Ya kiyaye hanya, amin.